Manomin da Ke Ɗora Ƙafar Awaki a Ɓoye

A wani ƙauye da ke gefen kogi akwai wani mutum, manomi ɗan manomi, jikan manoma. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, saboda haka kowa Auta yake ce masa, ko da yake ya yi aure har ya sami 'ya mai suna Ƙauna. Tun da mahaifinsu ya rasu, shi da wansa suka ci gaba da noma gandun gidan tare, wan yana gaba, ƙanen yana biye.

Kada ku ɗauka rago ne. In aka yi gayya, kunyarsa ce take fara isa bakin gona, kuma a miƙe take sai ka ce an ja zare. Makaɗan gayya sun san sunansa, ba sai an tuna musu ba. Ba a taɓa share gindin rumbun gidansu kafin sabon hatsi ya shigo ba. Duk wanda ya dube shi sai ya ce ga mutumin da Allah ya gama yi wa kome.

Amma shi kaɗai ya san abin da ke cikinsa. Yakan tashi da safe ya saɓi garma kamar wanda aka aika gidan da ba ya son zuwa. Ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai, ya girbe, ya ɗaure dammuna, sa'an nan ya tsaya ya dubi rumbu cike, ya ji babu abin da ya ƙaru a ransa. Ba gajiya ba ce, gama gajiya barci yana maganinta. Wannan kuwa da ita yake kwana, da ita yake tashi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba shi da wanda zai faɗa wa, domin wa zai ji tausayin mai cikakken rumbu?

Saboda haka kowane rani sai ya haye kogi ya shiga birni neman abin da shi kansa bai san sunansa ba. Wata shekara ya yi dako a kasuwa. Wata shekara ya zauna gaban tela har ya iya dasa aljihu. Ya taɓa bin motar kaya har ya ga garuruwan da ba wanda ya taɓa gani a ƙauyensu. Ruwan fari na sauka sai ga shi ya dawo, da fuskar da ya tafi da ita. Wansa yakan tarye shi da dariya ya ce, “Sannu da zuwa, Auta. Bana kuma wace sana'a muka ƙware a kai?” Shi kuwa sai ya yi murmushin yaƙe, ya je ya duba ƙotar garmarsa.

To, akwai wani hali da mutumin nan yake da shi tun yana ƙarami. A bayan ɗakinsa, kusa da turken awaki, ba a rasa wata dabba mai ɗaurarriyar ƙafa. Yau kazar da jaki ya taka, gobe akuyar da ta shiga gonar wani aka jefe ta da sanda. Yakan zauna ya lallaɓa ƙafar da yatsunsa har ya gane inda ƙashin ya rabu, ya ja shi a hankali ya mayar, ya fasa karan dawa ya jera, ya naɗe da tsumma. In yana wannan aiki, sai tuwo ya huce a kwano bai sani ba. Amma da ya ji tafiyar mutum sai ya saki dabbar ya miƙe yana kakkaɓe wando, kamar wanda aka kama da hannu a tukunyar miya.

Me ya sa yake ɓoyewa? Domin a garin nan ɗori yana da gidansa. Gado ne, daga kaka zuwa uba zuwa ɗa, kuma ba wanda ya taɓa jin ɗan gidan manoma ya taɓa ƙashin mutum. Gidan maɗoran yana can ƙarshen gari, amma ya zama kango, saura tsoho ɗaya. 'Ya'yansa sun yi karatu sun kama aiki a birane, ba wanda ya tsaya ya koya. Hannuwan tsohon kuma sun fara rawa. Mutanen gari sukan zauna a gindin bishiya su ce, “Ranar da Ubangiji ya kira Baba, ɗori ya ƙare a garin nan.” Su girgiza kai, su yi ajiyar zuciya, su tashi. Mutanen kirki ne ƙwarai, amma ko sau ɗaya bai taɓa faɗo wa ɗayansu a rai ba cewa abin da ake koya wa ɗa, ana iya koya wa maƙwabci.

Ana nan, a wata damina, abin ya kai wa Auta iya wuya. Ya dawo daga gona da rana tsaka, ya sami matarsa tana tankaɗe a ƙofar madafa, ya ce, “Da zarar kogi ya janye zan haye. Wannan karon ba cin rani ba ne.”

Ta ajiye rariya ta ce, “Baban Ƙauna, ina za ka?”

“Ban sani ba. Inda zan ji cewa ba a banza aka haife ni ba. In na sami wurin zama zan aiko muku.”

Matar nan ba mai yawan magana ba ce, amma idonta yana aiki. Ta ce, “Ka koyi ɗinki, ban taɓa jin labarin riga ko ɗaya a bakinka ba. Ka yi dako, labarin da ka kawo mini na jakin da ya karye ne a bakin kasuwa. Ni dai tun da na zo gidan nan ban taɓa ganin fuskarka a sake ba, sai a bayan ɗaki, kana riƙe da ƙafar akuya.”

Ya ce, “Wannan ai ba aiki ba ne. Kuma ba gidanmu ba ne.”

Ya shiga ɗaki ya tattara 'yan tufafinsa, ya ƙulle su a cikin wani tsohon mayafi, ya ajiye ƙullin a kan gado. Da wansa ya ji, ransa ya ɓaci matuƙa, gama barin gandu a tsakiyar damina ba ƙaramin abin kunya ba ne. Daga ranar suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Matar kuwa tsoro ya kama ta, domin ta san mazan da suka haye kogin nan da irin wannan magana. Da fari saƙo yakan zo, daga baya gaisuwa kawai, daga baya shiru. Kowace safiya mijin yakan gangara ya duba ko ruwa ya ragu. Ita ma in ta je ɗiban ruwa takan duba, tana roƙon Ubangiji kada ya ragu.

Lokacin marka ne, ruwa ba dare ba rana. Wata safiya wan ya jingina tsani ya hau rumbu don ya ɗebo wa mata dawa. Tsanin ya jiƙe, ƙafarsa ta zame, ya faɗo, ƙwaurinsa ya bugi dutsen da rumbun ke zaune a kai. Ƙarar da ya yi ta tara maƙwabta. Ƙafar ta karkace yadda ba mai iya dubanta sau biyu. Asibiti yana hayin kogi, kogi kuwa ya cika ya batse, masu kwalekwale sun ce ko da wasa ba za su shiga ba. Sai aka ruga aka ɗauko tsohon maɗori.

Tsohon ya durƙusa, ya dubi ƙafar, ya bi ta da yatsa. Ya ce, “Mun gode wa Allah, ƙashi bai huda fata ba. Da ya huda, ba aikina ba ne, da sai a nemi hanyar asibiti ko ta ina.” Ya sa aka riƙe majinyacin, ya kama diddigen zai ja. Hannuwansa suka hau rawa. Ya saki, ya huta, ya sake kamawa, suka sake ƙi. Ya koma ya zauna a ƙasa, ya ce, “Idona yana gani, hannuna ya ƙi.”

Ƙarti suka matso, kowa yana nuna damtsensa. Tsohon ya girgiza kai ya ce ƙarfi kaɗai ɓarna zai yi, hannun da bai san ƙashi ba zai mai da karaya ɗaya ta zama biyu.

Ana cikin haka sai ga wata akuya ta fito daga bayan ɗaki, ta ratsa tsakiyar mutane ba ruwanta da kowa, tana neman inda aka zubar da dawa. Ƙafarta ta gaba a naɗe take da kara da tsumma. Tsohon ya bi ta da kallo, ya ce a kamo masa ita. Ya shafa ɗaurin, ya duba yadda aka jera karan, ya tura yatsa ƙarƙashin tsumman ya ji bai matse ba, bai kuma saki ba. Ya ɗaga kai ya ce, “Wa ya ɗora wannan?”

Auta ya sunkuyar da kai yana duban laka. Sai matarsa ta yi magana daga ƙofar madafa, ko da yake ba ta saba magana a taron maza ba. Ta ce, “Baba, ga shi nan tsaye a bayanka.”

Auta ya ce, “Baba, wasa ne kawai nake yi da dabbobi. Ni ba ɗan gida ba ne.”

Tsohon ya ce, “Akuyar ta tambaye ka ɗan wane gida ne kai? Je ka wanke hannunka ka zo.”

Wan, da ke kwance gumi na keto masa, ya ce, “Baba, manomi ne fa.”

“Shi ya sa nake so. Hannun da ya shekara yana jan garma, ya kuma san ƙashi, yau shi kaɗai ne zai fisshe ka.”

Wan ya dubi ƙanensa, wanda ya kwana biyu bai yi wa magana ba. Ya rufe ido ya ce, “Zo, Auta. Yi.”

Auta ya durƙusa ya kama diddigen wansa. Tsohon ya ɗora hannunsa mai rawa a bisa nasa, yana yi masa magana ƙasa ƙasa: ja, kada ka fizga, ƙara kaɗan, karkata nan, tsaya. Wan ya ciji gefen rigarsa. Can sai tsohon ya ce, “Me ka ji?”

“Na ji ya zauna.”

“Ni ma na ji.”

Aka kawo kara da tsumma, Auta ya jera ya naɗe, tsohon yana kallo bai gyara masa kome ba sai ƙulli ɗaya. Da aka gama aka shigar da majinyaci ɗaki, Auta ya zaga bayan ɗakinsa ya zauna kusa da turken awaki, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ba kukan baƙin ciki ba ne. Mutum ne da ya yi shekaru yana neman abu a garuruwan mutane, ya zo ya tarar da shi a tafin hannunsa.

Bayan 'yan kwanaki ruwa ya ɗauke, kogi ya janye, masu kwalekwale suka koma aiki. Matar ta dawo daga ɗiban ruwa da sauri. Da ta iso ƙofar ɗaki sai ta ji ƙarar yagar tufa. Ta leƙa, ta ga ƙullin a kwance, tufafin a zube a kan gado, mijinta kuwa yana yayyaga tsohon mayafin nan tsaye tsaye domin sabon ɗaurin ƙafar wansa.

Ta ce, “Baban Ƙauna, kogi ya janye.”

Ya ce, “Na gani. Miƙo mini karan can.”

Bai bar noma ba. Da safe yana gona, da yamma yana gidan tsoho, yana zaune a ƙasa yana koyo kamar wanda bai san kome ba, gama ƙafar akuya dabam, ta mutum dabam. Ya koyi wanda ake ɗorawa da wanda ake cewa a gaggauta kai shi asibiti. Waɗansu sun yi ta gunaguni cewa an ba bare abin gida. Da maganar ta kai kunnen tsohon, sai ya ce, “Wanda ya ba kakana, shi ne ya ba wannan.” Daga nan bakin kowa ya mutu.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Manomin nan yana zaune a cikinmu yau, wataƙila a kan bencin da kake. Ko malamin makaranta ne, ko ma'aikaciyar ofis, ko direba, ko mai shago. Yana yin aikinsa da kyau, ana yabonsa, iyalinsa ba su kwana da yunwa, amma in Litinin ta gabato sai ya ji nauyi a ƙirji. In ya buɗe baki sai a ce masa ya gode wa Allah, wasu ma nema suke yi. Gaskiya ne, godiya wajibi ce. Amma ina so in faɗa wa irin wannan mutum cewa nauyin da kake ji ba lalle rashin godiya ba ne. Wani lokaci Ubangiji ne yake tuna maka cewa akwai abin da ya sa a hannunka wanda ba ka fito da shi ba tukuna.

Kuskuren Auta shi ne ya ɗauka amsar tana nesa. Ya yi ta hayewa yana sauya gari, yana sauya sana'a, bai taɓa zama ya tambayi kansa wane aiki ne yake sa shi manta da tuwo ba. Da ya tambaya, da amsar ta fito daga bayan ɗakinsa tana tafiya da ƙafa huɗu. Haka muke. Abin da hannunmu yake zuwa gare shi ba tare da an aike mu ba, shi muke rainawa mu ce wasa ne. Wata a nan ba ta iya ganin yaron da karatu ya gagara ta wuce. Wani ba ya iya ganin maƙwabta suna gaba ya yi barci sai ya sasanta su. Wani in inji ya lalace jikinsa har ƙaiƙayi yake yi. Sa'an nan su zo su ce mini, “Malam, ban san abin da Allah yake so in yi ba.”

Mukan kuma ɗaure kanmu da igiyar da mutanen ƙauyen nan suka ɗaure kansu: ba gidanmu ba ne, ba abin da na karanta ba ke nan, a danginmu ba a yi. Gado abu ne mai kyau, karatu ma haka. Amma Mai ba da baiwa ba ya neman izinin dangi kafin ya bayar. Ku kuma dattawa masu sana'a a hannu, in 'ya'yanku sun kama wata hanya, ku ɗaga ido ku duba 'ya'yan maƙwabta, kada ku shiga kabari da abin da gari yake bukata.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce na ce ya ajiye aikinsa gobe da safe. Ku tuna da abin da tsohon ya nema: hannun da ya san ƙashi, amma kuma hannun da garma ta ƙarfafa. Shekarun da Auta yake gani kamar sun tafi a banza, su ne suka ba shi ƙarfin jan ƙafar wansa. Aikin da kake yi yanzu, ko ba ka jin daɗinsa, yana gina wani abu a jikinka wanda za a nema wata rana. Yi shi da aminci. In kuwa ka gane baiwarka, nemi wanda ya riga ka, ka zauna a ƙasa ka koya. Akwai waɗanda lalle sai sun haye kogi kafin su sami wurinsu, ban hana ba. Amma ka san abin da za ka nema kafin ka shiga kwalekwale.

Ni dai a labarin nan, in an ce in zaɓi wanda ya fi burge ni, matar zan zaɓa. Ba ta yi masa gori ba, ba ta tara masa dangi ba. Ta lura da inda fuskarsa take sakewa, ta faɗa masa gaskiya, ya ƙi ji, ta koma ga addu'a. Da ranar ta zo kuma, ta daure ta buɗe baki a gaban jama'a. In ka rasa hanya, tambayi wanda yake ƙaunarka ya kuma daɗe yana kallonka, ka ce, yaushe ka taɓa ganina ina aiki da dukan zuciyata? Sa'an nan ka yi shiru ka saurara. In kuma kogi ya cika ya tare maka hanyar da ka shirya bi, kada ka yi saurin yin fushi da Ubangiji. Mai yiwuwa akwai wanda zai bukace ka a wannan gefen.

Tsohon maɗori ya daɗe da hutawa, kuma ɗori bai ƙare a garin ba. Wan ya warke sarai, yana tafiya ba ɗingishi, ko da yake ya bar wa samari hawan rumbu. Yanzu ya tsufa, yawancin yini yana zaune a bakin hanya. In baƙi suka iso daga wani ƙauye ɗauke da wanda ya karye, suna tambayar ina ne gidan maɗori, ba ya barin kowa ya riga shi amsawa. Yakan miƙe a kan ƙafar nan, ya wuce gabansu, ya ce, “Ku biyo ni. Gidanmu ne.”